Shirun da Na Naɗe wa Kaka a Filash

Kakata ba ta sauraron saƙon murya, amsa shi take yi. In ba ka san wannan ba, ba za ka gane me ya sa na yi ta zirga-zirga tsakanin Kano da ƙauyenmu da filash a aljihu kamar mai neman aure ba.

Ita ta haifi mamata. Tana can gaba da Gezawa, inda za ka saki kwalta ka hau ɗan acaɓa, ku ratsa gero da dawa da gyaɗa, gida a nan gona a can, ba ka ma sanin inda wani ƙauye ya ƙare wani ya fara. Autarta, ƙanwar mamata da muke ce wa Anti, tana Jidda da mijinta tun ina sakandare. Kira wahala yake. Netwok a tsakar gidan Kaka sai ka taka turmi ka ɗaga hannu sama, ga shi kunnenta ya fara nauyi. Shi ya sa Anti ta koma turo saƙon murya duk mako, gutsi-gutsi, wani dogo wani gajere. Kaka kuma ba ta yarda da waya mai shafawa ba. Abin da ta yarda da shi 'yar rediyonta ce ja mai cin memori, mai ƙara kamar lasifikar masallacin unguwa.

To rediyon nan tana da halinta. Ba ta gane irin fayil ɗin da waya ke yi, sai an juya shi zuwa mp3. Kuma ba ruwanta da sunan fayil, wanda ya riga shiga memori shi za ta fara kunnawa. Sai ka ji Anti na sallama tun ba ta gaida kowa ba. Waɗannan duk na shawo kansu. Wanda ya ba ni aiki shi ne na ukun.

Ranar da na fara kunna mata, Anti ta ɗauko gaisuwa a jere: Inna ina kwana, ina gajiya, ya jiki, ya damina, ya su Yaya. Kaka ta buɗe baki za ta ce lafiya lau, Anti ta riga ta kai kan damina. Ta sake buɗewa, an wuce. Kawai sai ta miƙa hannu ta kashe rediyon.

"Yarinyar nan tun da ta je can ta daina jiran mutum ya amsa."

Na fara yi mata bayanin cewa ai ɗauka ce, ba kira ba ne. Ta ce ta sani, ita ba yarinya ba ce. Amma gaisuwar da ba a amsa ba, ai ba a gaisa ba.

Lokacin ina shekarar ƙarshe a karatun kwamfuta, kuma duk abin da na gani sai in ji ina so in rubuta masa sikirif. Sikirif 'yan layukan umarni ne kawai da kake rubuta wa kwamfuta, ni da Python nake yi. Na zauna na haɗa wanda zai ɗauki saƙonnin Anti, ya juya su, ya zuba su a memori ɗaya bayan ɗaya yadda ta turo. Sannan a farkon saƙon, duk inda ta ɗan ja numfashi tsakanin gaisuwa da gaisuwa, ya yanka wurin ya saka shiru, yadda Kaka za ta samu ta amsa.

Shirun farko da na saka tsantsarsa ne, babu ko motsi. Kaka ta ɗauka batir ya mutu, ta hau buga rediyon a gwiwarta. Sai na kunna waya na ajiye a tsakar gidanta da hantsi, na ɗauko shirun gidan da kansa: kaji na tono, iska a darbejiya, wani can nesa na kiran akuya. Na sa wa fayil ɗin suna shiru. Da aka saka shi a tsakani, sai ka ji kamar Anti na zaune a kan tabarma tana jira. Ranar Kaka ta amsa gaisuwa ɗaya bayan ɗaya, har da tambayar ya yaran. Ni kuma na ji kamar na ƙera jirgi.

Haka muka yi ta yi. Anti ta turo min, in wuce da su ta laftof ɗina, ƙarshen mako in kai memori da kaina ko in ba direban motar garin. Sai takardar bautar ƙasa ta fito, aka jefa ni kudu can bakin ruwa. Da na je gaya wa Kaka, ba ta tambayi nisan wurin ba, ba ta tambayi me zan ci ba. Ita da ke kirana maigida tana cewa ban taɓa ba ta kuɗin cefane ba, ranar ba ta yi wasan ba.

"To wa zai riƙa kawo min Auta?"

Mutum ɗaya ne a garin zai iya. Ɗan kawuna, taubashina, mai shagon caji a bakin kasuwa. Sola biyu a kan rufi, wayoyin rabin gari a jere kan katako, da wata tsohuwar laftof da aka ɗaure murfinta da salatif, wadda yake tura wa mutane karatu da finafinai da ita. Ni da shi tun muna yara kowa na cewa ɗayan bawansa ne. A shagonsa akwai netwok, Anti za ta iya turo masa kai tsaye. Ya ma taɓa gwada juya saƙon da wata manhaja a wayarsa, Kaka ta dawo masa da memorin ta ce wannan Autar mai gaggawa ce, a ba ta ta wajen ɗan birni.

Matsalar ita ce sikirif ba ya tafiya shi kaɗai. Sai kwamfutar na da Python, da abin juya sauti, da sauran tarkacen da ya dogara da su. Taubashina kuwa ya rantse ba mai sake saka masa komai a laftof. Wani ya taɓa saka masa wata manhaja, washegari ya tashi folda guda ta finafinai ta ɓace. Na ce masa wannan daban ne. Ya ce wancan ma haka ya ce.

"Ko allura ba za ka saka min a ciki ba, ɗan birni. Ka kawo abin da zan danna kawai, in ya gama ya fita ya bar min kayana."

A mota ina dawowa na yi ta juya maganar, sai na ga ai gaskiyarsa ma ta fi sauƙi. Akwai kayan aikin da ke ɗaukar sikirif ya naɗe shi da duk abin da yake buƙata, har da Python ɗin kansa, ya fito maka da fayil guda, exe, irin wanda ake danna sau biyu ya buɗe. Na san da shi, ban taɓa gwadawa ba. Ina isa gida ko takalmi ban gama cirewa ba na buɗe laftof. Na ba shi umarni, rubutu ya yi ta gudu a baƙin allo, can sai ga fayil ya fito. Na danna. Ya buɗe. Ya nemi foldar saƙonni, ya nemi memori, ya yi aikinsa tsaf. Wallahi sai da na zagaya ɗakin. Na nemo hoton rediyo ja na maƙala masa a matsayin tambari, na yi ta kallonsa a allo kamar hoton ɗana. Mamata ta leƙo ta ce lafiya nake magana ni kaɗai? Na ce mata na zama kamfani.

Asabar na dira a shagon da filash, ina tafe ina buɗa kafaɗa. Akwai mutane a benci suna jiran wayoyinsu. Na ce wa taubashina ya matsa manya su yi aiki. Na soka filash, na danna rediyon ja sau biyu.

Wani ɗan akwati ya fito da jan tambari, ya ce wannan fayil ba irin na kwamfutar nan ba ne.

Na sake dannawa. Ya sake fitowa. Taubashina ya juya wajen 'yan benci ya ce su shaida, wannan shi ne wanda gwamnati za ta tura kudu ya koyar da 'ya'yan mutane. Wani dattijo ya ce a yi masa uzuri, wataƙila abin bai saba da ƙauye ba. Aka yi ta dariya, har da ni, don ina dariyar ne ina duba bayanan laftof ɗin, kuma na riga na hango inda matsalar take. Tawa sabuwa ce, mai bit sittin da huɗu. Tasa tsohuwa ce, mai talatin da biyu, tsarin da ke kanta ma an daɗe da daina yayinsa. Exe kuwa yana ɗaukar siffar kwamfutar da aka naɗe shi a kanta. Na ɗinka riga a jikina na kawo wa wani.

Ke nan a kan laftof ɗinsa za a naɗe. Kuma ba za a saka mata komai ba. A nan abin ya fara yi min daɗi sosai, don akwai hanya. Akwai Python na tafi-da-gidanka, wanda ba a girka shi, yana zaune a folda, daga cikin filash yake tashi ya yi aiki ya koma. Na dawo Kano na ƙona data na sauko da tsohon samfurinsa mai talatin da biyu, wanda zai yarda da tsohuwar laftof. Na zuba masa abin naɗewar a cikinsa, na samo abin juya sauti shi ma na talatin da biyu, na kwafo sikirif ɗina, duk a folda guda. Filash ɗan mitsitsi ya zama shago sukutum. Na yi ta shafa aljihu a adaidaita ina tabbatar yana nan.

Komawata ta biyu saura kwana kaɗan in tafi, jakata ma an fara haɗawa. Hadari ya haɗo tun kafin in fito, sai na bar laftof ɗina a gida, kada ruwa ya dake ta a kan acaɓa. Kuma gaskiya ina so in shiga shagon nan hannu na dukan cinya, in nuna masa filash kaɗai ya isa.

Ya tsaya a kaina kamar mai gadin jarrabawa. Duk abin da na taɓa sai ya tambaya ko wannan shiga yake yi. In ce masa a'a, daga filash yake gudu. Na buga umarnin, baƙin allo ya fara zubo rubutu. Fankar laftof ɗin ta ɗauki kuka kamar injin markaɗe. Dattijon rannan yana nan, ya matso ya tambaya ko duk wannan rubutun ni na haddace. Na ce masa ita ke yi wa kanta bayani. Muka jira. Wata mata ta zo karɓar waya ta tsaya kallo, mai rake ya ajiye baro ya leƙo. Ni dai idona na kan allo.

Rubutun ya tsaya. Ga rediyo ja a cikin folda.

Na ɗaga hannuna sama na ce ba zan taɓa ba, shi zai danna, tunda shi zai riƙa yi. Ya goge yatsa a riga, ya danna sau biyu. Ya buɗe. Taubashina ya nuna wa abin saƙonnin da Anti ta turo masa jiya da yamma, ya soka memorin Kaka, abin ya yi ta juyawa har ya rubuta an gama, da Hausa, yadda na tsara. Ya leƙa foldar finafinansa, suna nan. Ya leƙa ta karatu, tana nan. Ya ce to, bawan nasa ya fara amfani. Ni kuwa na riga na fita waje na sayi awara na raba wa 'yan benci, har da wanda bai san me ake yi ba.

Muka hau mashin ɗinsa sai gidan Kaka. Ruwan bai sauko ba, iska ce kawai ke kaɗa gero. Muka same ta tana ɓarar gyaɗa a faranti. Na ce mata daga yau jikanta na shago ne zai riƙa kawo Auta, ga na farko. Ta goge hannu, ta gyara zama, ta ɗora rediyon a cinya yadda ta saba, ta kunna.

Inna ina wuni, ina gajiya, ya jiki, ya ruwa, ya su Yaya.

A jere. Ba tsayawa.

Kaka ta buɗe baki ta rufe. Ta kashe rediyon, ta dube ni, ba faɗa ba komai.

"Ta koma halinta."

Nan take na gane. Fayil ɗin shiru. Ba ya cikin foldar sikirif, yana wata folda daban a laftof ɗina, laftof ɗin kuma tana Kano a kan katifa. Exe ɗin da na yi a gida ya yi aiki ne don yana miƙa hannu ya ɗauko shi a can. Kuma tun farko na rubuta cewa in bai ga shirun ba kada ya tsaya, ya wuce kawai. To ya wuce. Na naɗe Python, na naɗe abin juya sauti, na naɗe har hoton rediyo, na bar abin da aka yi aikin dominsa.

Taubashina ya fara shirin tsokana, ya kalli fuskar Kaka ya fasa. Ya ce in koma Kano in ɗauko gobe. Na ce goben ta banki ce da ɗinki da sallamar dangi, jibi kuma tasha. Sai na kalli tsakar gidan. Darbejiyar na nan, kajin na nan. Ai a nan na ɗauko shi da ma.

Na ce kowa ya yi shiru zan ɗauki shiru. Matar kawuna ta fito daga kicin ta ce me zan ɗauka? Na maimaita. Ta koma ciki tana dariya, muka jira ta gama. Na danna ɗauka, maƙwabta suka fara daka. Taubashina ya leƙa ta katanga ya roƙe su su ɗan dakata, suka tambayi ko wani ne ba lafiya, ya ce a'a, ɗan birni ne ke ɗaukar shiru. Daga can ma aka kwashe da dariya. Aka yi tsit, na danna, akuya ta zo daidai kan wayar ta yi kuka. Aka kore ta. Na danna, taubashina kuma ya yi atishawa, kuma har yau na san da gangan ya yi.

Kaka ce ta kawo ƙarshen abin. Ta ce mu duka mu zauna. Ta ce wancan shirun ma da na yi mata ya yi gajere, kullum sai ta haɗiye rabin addu'a. In danna, ita za ta amsa gaisuwar a ranta, in ta ɗaga hannu in tsayar. Na danna. Ta rufe ido, leɓenta na motsi, lafiya lau, alhamdulillahi, da sauran abin da take ce wa Autarta wanda ba mu ji ba. Kaji na tono, ganye na kaɗawa, can nesa hadari ya yi ɗan gunaguni. Ta ɗaga hannu.

Muka koma shago a guje, ina bayan mashin ina riƙe da waya kamar ƙwai. Na tura sabon shirun cikin filash. Na gyara layin da ke nemansa, na ce ya duba cikin jikinsa, kada ya duba wata folda. Na goge wancan umarnin na wucewa, na sa in babu shiru ya tsaya ya faɗa. Sannan na gaya wa abin naɗewar ya haɗa da shirun a cikin ƙunshin. Fanka ta sake kuka, rubutu ya sake gudu. Wannan karon shi ma taubashin nawa ya jingina da katakon caji yana cizon farce. Rediyo ja ta fito, ta ɗan fi ta ɗazu nauyi. Ya danna da kansa. Kafin mu tashi na sa ya zare filash ya mayar, ya sake yi daga farko ba tare da na ce uffan ba. Ya yi. Ya ɗaura wa filash ɗin zare ya rataye shi a ƙusa sama da wayoyi, ya ce duk wanda ya taɓa shi sai sun yi shari'a.

An kusa kiran magariba muka shiga gidan, yayyafi ya fara. Kaka ta koma rumfa. Ta karɓi memorin ta soka da kanta.

Inna ina wuni.

Sai kaji da iskar darbejiya.

"Lafiya lau, Auta. Alhamdulillahi. Allah ya yi miki albarka, ya raya miki zuri'a."

Ta gama, ta ɗan numfasa, sannan Anti ta ce ina gajiya. Daidai. Na damƙi hannun taubashina na matse har ya ce zan karya masa abin danna exe. Kaka ko kallonmu ba ta yi ba, tana can tana ba da labarin ruwan bana a inda aka tambaye ta ya ruwa.

Sati na biyu a kudu, ina zaune a bakin ɗakin da aka ba mu, na ji ina son muryar gida. Na ɗauki saƙo na tura wa taubashina na ce ya wuce da shi ta rediyo ja ya kai mata. Da ma da Anti kawai na yi abin a raina, ban taɓa tunanin ni ma zan bi ta ciki ba. Washegari ya turo min ɗauka daga rumfar Kaka. Na ji muryata na fita daga 'yar rediyon, Kaka ina kwana, sai kajin nan, sai ita.

"Lafiya lau, maigida. Ka tafi ba ka bar na cefane ba."

Na ce ina gajiya. Ta ce gajiya tana wajen wanda ya bar mata da yunwa. Na ce ya jiki. Ta ce jiki da sauƙi, in dai ina cin abinci a can. A bayanta ina jin taubashina na ƙyaƙyata dariya, tana ce masa ya yi mata shiru, yaron bai gama gaisuwa ba.